Ruwan Ramadan Na Gidan Su Salih

Duk wanda ya taɓa zama a Dar Salam, unguwarmu da ke ƙetaren kogi daga Khartum, ya san ƙanshin watan Sha'aban. Tun daga bakin titi yake tarbar mutum: tsiron dawa da citta da kirfa suna gasuwa a kan kaskon ƙarfe, matan unguwa suna yin hilumur ɗin da za a riƙa jiƙawa a sha lokacin buɗa baki. A da, ƙanshin nan ne yake sa ni saurin isa gida. Bana da na shaƙe shi, ƙafafuna nauyi suka yi.

Na tarar da Inna tsugune gaban wuta ita kaɗai, idanunta jajir. Ba a yin hilumur mutum ɗaya. Maƙwabta ake tarawa, a yi ta hira da dariya har rana ta juya.

"Inna, ina su Fatna? Ba yau ce ranar gidanmu ba?"

"Ban kira kowa ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kaɗan ne bana. Na gida kawai."



Tun da aka yi mini baiko da Salih, Inna ninki biyu take gasawa. Rabi namu, rabi na ruwan Ramadan, wato kayan da gidan budurwa ke kai wa gidan saurayi a farkon azumi: hilumur, dabino, zoɓo, tsamiya, sabon jug da kofuna. Mata ne ke ɗauka, da guɗa, kowa yana gani. Shi ke shaida wa duniya cewa maganar aure tana nan daram. Gidan da aka saba kai wa kuwa, in azumi ya kama ba su ga siniya, wato tiren kayan, a ƙofarsu ba, ba sai an aika musu da wani bayani ba.

"Aliya," Baba ya kira ni daga ƙarƙashin rumfa. "Zo nan, ya bitti, 'yata."

Yana zaune a bakin gadon igiya, laka ta bushe a ƙwaurinsa. Ranar an kira shi aikin bulo ke nan. Ba kullum ake kiransa ba.

Na durƙusa.

"Kada ki tuhumi uwarki. Ni na ce bana ba za a kai ba."

"Me ya yi, Baba?"

"Bai yi komai ba. Abin ke nan. Bai yi komai ba, ba a kuma bar shi ya yi komai ba." Ya shafa gemunsa. "Ban ƙi yaron nan ba, Allah ya sani. Amma azumi na uku ke nan kina ɗaure da sunansa."

"Baba, lokacin da ka ba shi ni, ma'aikaci ne. Ni ma ma'aikaciya ce. Ba mu muka kori kanmu ba."

"Na sani."

"To laifin wa za mu ɗauka?"

Ya dubi tafin hannunsa.

"Ƙuruciyata duka a gonakin Jazira na ƙarar da ita, ina tsintar audugar wasu. In kaka ta yi, har ƙofar bukka ake zuwa nemanmu da mota. In ta wuce, ko sallama muka yi sai a ga kamar roƙo muka zo. Na san yadda namiji ke fita da ƙarfinsa da safe, ya dawo da shi da yamma ba wanda ya taya. Tambayi uwarki me ta ci a shekarun nan. Na sa ki makaranta, Aliya, mutane suna yi mini dariya, don kada ki auri irina."

Hawaye suka cika mini ido, amma ban bari sun zubo ba. Ban saba kuka a gaban Baba ba.

"Ni ban taɓa jin kunyar irinka ba," na ce.

"Ke ba ki ji ba. Ni na ji." Ya jawo butarsa. "Ba zan tilasta miki kowa ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan ƙara aika siniya inda babu ranar ɗaurin aure ba. Halas, magana ta ƙare."

* * *

An kore ni daga aiki ne wata Laraba, kafin fatur.

A Khartum duk inda ake aiki, da hantsi ake ajiye komai a kewaye kwano ɗaya na ful, wato dafaffen wake, da burodi, daga shugaba har masinja. Shi ne fatur. A ofishin gwamnatin da nake buga takardu, ni ke yanka albasa, domin sun ce nawa yankan ya fi siriri. Ranar ma na riga na yanka, ƙanshinta yana hannuna, aka ce shugaba yana kira.

"Ustaza Aliya," ya ce, yana kallon fanka, "an sallame ki don maslahar jama'a."

Na tambaye shi wace jama'a ce na tsare wa hanya. Ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, daga sama ne.

Ba sai an gaya mini dalili ba. Wata guda kafin nan aka sallami Salih daga aikin walda a jirgin ƙasa, shi da duk wanda ya taɓa buɗe baki a ƙungiyar ma'aikata. Kowa kuma ya san wa zan aura.

Da na fito, abokan aikina sun riga sun kewaye kwanon. Gurbin da nake zama, tsakanin taga da kabad, har ya haɗe. Ba wanda ya ɗago kai. Ban ga laifinsu ba. A mulkin soja, gaida korarre ma abin tsoro ne. Na ɗauki jakata, na gyara tob ɗin da na yafa, na fita kaina a sama kamar wadda aka ƙara wa girma. Sai da na hau gada na ga ruwan Nilu sannan na bar hawayen suka sauko.

Daga nan na koyi Khartum da ƙafa. Wani ofishin su ce ki dawo bayan Salla. Wani su ce wa ya aiko ki. Wani mutum ya duba takardar shaidata, ya yaba, ya karanta sunan Baba a hankali, La-ba-ran, sannan ya ce, "Ke asalinki 'yar ina ce?" Na ce 'yar nan ce, a nan aka binne cibiyata. Ya yi murmushi ya miƙo mini takardata.

Na koyar a wata makarantar kuɗi zango ɗaya, har 'yar ƙanwar mai makarantar ta gama karatu. Na buga wa ɗalibai rubutu a wani ɗan shago, har mai shagon ya sayar da injin ya tafi Jidda. Ko'ina na shiga, kafin in san inda ake ajiye gishiri an nuna mini ƙofa. Abin da ya fi yi mini ciwo ba yunwa ba ce. Hantsi ne. Duk inda nake, in rana ta kai daidai nan, sai in ji garin duka ya sunkuya kan kwano, ni kaɗai ce a tsaye.

Ana cikin haka Alhaji Gwadabe, mai babban shagon yadi a Kasuwar Libiya, ya ɗauke ni in riƙa rubuta masa wasiƙun fatake da amsa waya. Ranar da na kawo labarin, Inna har sujada ta yi. Sai daga baya na gane wanda ya yi mini hanyar: ɗansa Hussein, da ya taɓa ganina a wani biki.

* * *

Hussein ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Washegarin maganar Baba, ya shigo ɗan ɗakin da nake aiki, jallabiyarsa fara ƙal, ya ajiye mini shayi da kansa.

"Ustaza, an ce Hajiyarku ta fara hilumur. Mu dai ko ɗanɗano ba a ba mu?"

"Kaɗan aka yi bana, Malam Hussein."

"Na ji." Ya zauna a kan dilar yadi. "Na ji kuma ba inda za a kai."

Na ci gaba da buga wasiƙata. Labari a unguwa ya fi mota sauri.

"Aliya, ni ban iya kwana-kwana ba. Na je na gaida Baba Labaran sau biyu, kin sani. Mutumin da kike jira ɗan mutunci ne, ban ce ba. Amma jiya na wuce ta kasuwar Suk al-Arabi na gan shi zaune a ƙasa cikin 'yan jiran aiki. Ke da diflomarki? A ƙasa?"

"Ƙasar ta Allah ce."

Ya yi dariya. "Wallahi bakin nan naki ne ya kashe ni." Sai ya gyara murya. "Alhaji yana ta yi mini magana. Ya ce shagonmu na iyali ne, ba mu saba ajiye bare a kan sirrin fatake ba. Ni nake ce masa ya yi haƙuri, ba za ki daɗe kina bare ba."

Yatsuna suka tsaya a kan injin.

"In kuma na daɗe fa?"

Ya miƙe ya kaɗe jallabiyarsa.

"Shayinki zai huce," ya ce.

* * *

Da aka tashi ban nufi gida ba. Na hau hafla, ƙaramar bas ta haya, na ƙetare gada zuwa Suk al-Arabi.

A gefen babban masallaci 'yan jiran aiki suke jeruwa, kowa da alamar sana'arsa a gabansa: mai famfo da sifanarsa, mai fenti da burushi a cikin gwangwani, magini da cokalinsa. Ba sa kiran kowa. Kayan ne ke magana. A can ƙarshen layin na hango baƙin gilashin walda da safar hannu ta fata, a jere tsaf kan ɗan kwali. Bayansu Salih ne, ya rame, amma rigarsa a goge take kamar mai shirin shiga ofis.

Ya taso da sauri. Muka tsaya wajen mai shayi, nesa kaɗan da juna, saboda 'yan sandan ɗa'a ba sa son ganin mace da namiji kusa.

"Na hana ki zuwa nan, Aliya."

"Ni ma an hana ni abubuwa da yawa."

Na gaya masa hukuncin Baba. Bai yi mamaki ba. Ya juya kofin a hannunsa.

"Gaskiya ya faɗa."

"Kai ma?"

"Me zan ce? In ce ya ba ni 'yarsa in ajiye ta a kan kwalin nan kusa da safar hannu? Jiya ƙofar wani gida na gyara, shekaranjiya babu, yau ga shi har yanzu babu. Ke kin samu wuri. Kada ki rasa shi saboda ni sau biyu."

"Ka san abin da ke maƙale da wurin?"

"Na sani." Ya kau da kai. "An ce yana da kirki."

"Salih! Ni kake yi wa tallan wani?"

"To me kike so in yi? In ce ki jira? Har yaushe? Duk ranar da na tuna albasar nan da kika yanka ba ki ci ba, sai in ji kamar ni na cire miki lomar daga baki."

Hawayena suka ɓalle. Na ja gefen tob na rufe fuska don kada mai shayi ta gani, ko da yake ta riga ta gani.

Daidai nan wata akori-kura ta rage gudu a bakin layin. Kafin ta tsaya mazan nan duk sun zabura, manya da furfurarsu, suna ture juna, kowa yana ɗaga kayan aikinsa sama. Salih bai motsa ba. Na ga ƙafarsa ta ɗaga ta koma. Saboda ni ne. Ba ya so in gan shi yana gudu.

"Je ka," na ce.

"Bar su."

"Wallahi in ba ka je ba, ba zan yafe maka ba. Je ka!"

Ya ajiye kofin ya ruga. Na ga yadda ya kutsa, gilashin a sama, yana cewa, "Walda, ya sayyid, walda!" Mai motar ya nuna mutum biyu masu cebur. Motar ta tashi. Ƙura ta lafa.

Ya dawo a hankali, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Yanzu kin gani," ya ce.

"Na gani. Kuma ban canza ba."

"Ki koma gida, Aliya. In siniya ba ta zo ba, zan gane, mahaifiyata Hajja ma za ta gane. Ba mai riƙe ki a zuciya."

Ya tsugunna ya gyara zaman gilashin a kan kwalin. Bai ƙara waiwayowa ba.

* * *

Aka ga wata. Ranar farko ta wuce, ta biyu ta wuce, gidanmu shiru kamar an yi rasuwa.

Da safiyar rana ta uku, bayan Baba ya fita, na shiga madafa na sauko da babbar siniya. Na raba hilumur ɗin gida biyu, na ɗauki rabi. Na zuba dabino da zoɓo da tsamiya a ƙananan kwanduna. Ban da sabon jug, sai na ɗauki na robar da muke sha da shi.

Na juyo na ga Inna a bakin ƙofa.

"Me kike yi?"

"Abin da kike gani, Inna."

"Kin haukace? Amarya ce ke kai ruwan Ramadan da kanta? A ina aka taɓa yi? Gidan surukai, da ƙafarki, ba guɗa, ba rakiya? Da me za mu kalli mutane?"

"Wa zai raka ni? Ke an hana ki. Su Fatna ba za su saɓa wa Baba ba. In siniyar nan ba ta je ba, an kashe maganar ke nan ba tare da an tambaye ni ba. An kore ni sau uku, Inna, kowane karo sai dai a ce ma'alesh. Wannan karon ba za a sallame ni ina tsaye ina kallo ba."

Ta dube ni. Sai ta juya ta shige ɗakinta. Na ɗauka fushi ta yi.

Ta fito da wani abu naɗe a zane. Jug ne na gilashi mai zanen furanni, da kofuna shida, sababbi fil.

"Tun Rajab na saya," ta ce a hankali. "Kafin ya yi magana." Ta cire na robar ta jera su da kanta, ta rufe da faifai mai launi, ta ɗaure siniyar da zane. Sannan ta ɗora mini a ka.

"Ban gan ki ba," ta ce. "Ki taka a hankali, gilashi ne."

Daga Dar Salam ba motar da ke zuwa Khartum kai tsaye. Dole a sauka a Kasuwar Libiya a canza. Tashar kuwa tana kallon shagon Alhaji Gwadabe.

Da na so, da na zaga ta bayan masu katifa. Ban zaga ba.

Hussein yana tsaye a ƙofa ana buɗe shago. Ya ga siniyar, ya ga faifan. Ba ɗan garin nan da zai ga wannan ɗaurin a farkon azumi ya tambayi mene ne.

"Ustaza," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wannan ina za shi?"

"Mayo. Gidan su Salih."

Fuskarsa ta sauya. "Kin san Alhaji yana ciki? Kin san yana kallonki yanzu haka?"

"Na sani."

"Aliya, don Allah ki yi tunani. Akwai masu digiri da ke zuwa nan kullum suna roƙon kujerar nan. In kika wuce da abin nan, kafin azahar wata ce a kai. Ba ni da abin da zan ce masa."

Na riƙe siniyar da hannu ɗaya, na zaro mabuɗin ɗakin aikina daga jaka na miƙa masa.

"Wasiƙar Dubai tana kan injin, saura sa hannu. Ka gode mini Alhaji. Kai ma na gode, ka yi mini alheri iya yadda ka san alheri."

Bai karɓa da wuri ba. Da ya karɓa, sai ya ce, "Allah ya sa ya cancanta."

"Amin," na ce, na tsallaka titi.

* * *

Hafla biyu na ƙara hawa, siniyar a cinyata, mata suna kallona suna kallon juna. Wata tsohuwa ta ce, "Ina 'yan rakiyar, ya bitti?" Na ce suna tafe.

Na isa Mayo rana ta take. Ban taɓa shiga gidan su Salih ba, kwatance kawai na sani: ƙofar langa-langa shuɗiya kusa da makarantar allo ta marigayi mahaifinsa. Na yi sallama, muryata kamar ba tawa ba.

Hajja Khadiga, mahaifiyarsa, ta fito tana gyara mayafi. Ta dube ni, ta dubi kaina, ta leƙa bayana tana neman sauran mata. Titi wayam.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Hajja."

Ta sauke mini da hannunta. Ta buɗe faifan, ta ga jug ɗin, ta shafa shi. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta fashe da kuka.

"Hajja, lafiya?"

"Ya tafi, 'yar nan. Yaron ya tafi."

"Ya tafi ina, Hajja?"

"Ranar da aka ga wata wasu suka zo Suk al-Arabi neman masu walda. Aikin bututun mai, can kudu. Kowa ya san wurin, ana jin harbi, shi ya sa da yawa suka noƙe. Shi ya fara ɗaga hannu. Na riƙe rigarsa, na ce ka jira ko kwana uku ne, ka ga ko za a kawo. Ya ce, Hajja, ba za a kawo ba, kuma gaskiyarsu ce. In na dawo da aiki a hannuna ta riga ta yi aure, na yi mata addu'a. In ba ta yi ba, in je wa babanta a tsaye."

"Yaushe zai dawo?"

"Sun ce sai an kai bututun teku."

Na zauna kusa da ita a kan tabarma. Shi ya shiga aiki, ni na fita, a mako ɗaya, kowa don ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya gaya wa wani. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Muka yi ta yi mu biyu, ni da matar da ko sunan ɗanta ba na iya faɗa a gabanta.

Da la'asar ta gabato na ce zan koma. Ta juye kayan, ta goge siniyar.

"Ba a mayar da siniya haka," ta ce. "Ba ni da turare, ba ni da atamfa. Amma tsaya."

Ta shiga ɗaki ta jawo wani ɗauri daga ƙarƙashin gado. Itacen ɗalih ne, ja, an fasa shi ƙanana, an ɗaure da igiyar kaba. Itacen da ake turara amarya da hayaƙinsa kafin biki, wanda gidan ango ne kawai ke kai wa.

"Da albashinsa na ƙarshe ya saya," ta ce. "Ya hana ni taɓawa ko ranar da ba mu da gawayi. Kai wa uwarki. Ki ce in ji ni, mun karɓi ruwa."

* * *

Rana tana gab da faɗuwa na sauka a Dar Salam. Mazan layinmu sun riga sun shimfiɗa tabarmi a titi kamar yadda ake yi duk azumi, kowane gida ya fito da abin da ya dafa. Tabarmar kuwa a ƙofar gidanmu take. Ba wata hanyar shiga.

Baba yana tsakiya, jug ɗin roba a hannunsa. Kusa da shi Hussein ne, ya zo da kwalin dabino.

Hira ta tsaya. Ƙanshin ɗalih ya riga ni isa.

"Daga ina?" Baba ya ce.

Na durƙusa da kayan a kaina. "Daga Mayo, Baba. Na kai ruwan Ramadan."

Wani dattijo ya yi salati. Hussein ya sunkuyar da kai.

"Aikin fa?" Baba ya ce.

"Na mayar da mabuɗi."

Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Na shirya wa duk abin da zai biyo baya.

"Shi mai gidan da kika kai wa, ya sha?"

"Ba ya nan. Ya tafi kudu, aikin bututu. Tun ranar da aka ga wata."

"Kudu," Baba ya maimaita. "Inda ake harbin?"

"Nan ne kawai aka neme shi."

Baba ya ɗago kai. Ya dubi ɗaurin itacen, ya dubi igiyar kabar da ta bushe har ta yi fari, ya dubi lakar da ke ƙafarsa. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Ba wanda ya kai hannu ga dabino.

"Shiga da shi," ya ce a ƙarshe. "Ki ce wa uwarki ta ɗora a bisa, kada ya taɓa ƙasa. Gidan nan akwai gara, kuma da alama zai daɗe a ajiye."

"Baba..."

"Ban ce na yarda ba." Ya tsiyaya hilumur a kofi. "Cewa na yi kada gara ta ci."

Na shige. Inna ta karɓi ɗaurin, ta hau turmi ta soke shi a tsakanin azarar rufin ɗakina, daidai saman gadona.

A waje ina jin maza sun sunkuya kan kwano ɗaya. Na zauna a bakin gado, ba aiki, ba Salih, ba ranar da zan ƙirga. Na ɗauki dabino guda na yi bisimilla. Sannan na jawo takalmina na duba ƙasansa, in ga ko zai iya ƙara zaga Khartum.